Mizani Biyu: Arzikin Ƙasa da Halin Talaka a Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

A ranar Lahadi, 6 ga Afrilu 2014, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a ƙarƙashin shugabancin Dokta Yemi Kale, ta tara manyan ma'aikata da 'yan jarida a Abuja, ta sanar da su cewa bayan an sake lissafin abin da Nijeriya ke samarwa a shekara, an ɗauke shekarar da ake kafa awo a kanta daga 1990 an mai da ita 2010, an kuma shigar da sana'o'in da tsohon lissafi ya raina ko bai ma san da su ba, irin su wayar salula da fina-finai, arzikin ƙasar na shekarar 2013 ya tashi kimanin dala biliyan 510, wanda ya kusa ninka abin da ake zato, har ya zarce na Afirka ta Kudu. Da wannan sanarwa Nijeriya ta zama ta ɗaya a nahiyar Afirka. Lissafin kuwa ba ƙarya ba ne, domin masana na ciki da na waje sun duba shi sun yarda da shi. Amma manomin da ya kwana a Badarawa a daren nan, ko a Moriki, ko a Kurya, ya wayi gari Litinin rumbunsa na nan yadda ya bar shi, rijiyar unguwarsu ba ta ƙara ruwa ba, kuma asibitin da zai kai matarsa in naƙuda ta yi gardama bai matso kusa da shi ko da taki ɗaya ba. Bayan shekara goma, da darajar naira ta faɗi, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya mai da Nijeriya ta huɗu, bayan Afirka ta Kudu da Masar da Aljeriya. Hawan bai taɓa manomin nan ba. Saukar ce ta iske shi har gida, ta hanyar kuɗin taki da na magani.

Tun da daɗewa mahukunta da masana suke jayayya a kan mizanin da ya dace a auna nasarar ƙasa da shi. Wasu sun tafi a kan cewa a dubi yawan dukiyar da take samarwa da sababbin dabarun da 'ya'yanta ke ƙirƙirowa, domin a ganinsu in dukiya ta yawaita a sama babu makawa ta gangaro ƙasa. Wasu kuwa suka ce a dubi halin da ra'iyya ke ciki, na ci da sha da lafiya da karatu da kwanciyar rai. Wanda ke son ya ga yadda mizanin nan biyu ke saɓa wa juna ba ya bukatar ya ƙetare teku. Ya isa ya bi hanyar da ta tashi daga Gusau ta yi arewa zuwa Kaura Namoda, inda ta rabu, wani reshe ya nufi Zurmi da Jibiya, wani ya bi ta kwanar Badarawa zuwa Shinkafi da Isa, domin kusan duk wata sabuwar dabara da aka yi taƙama da ita a Nijeriya cikin shekara ɗari ta bar sawunta a wannan yanki, kuma sawun yana karantuwa ga mai son karantawa.

Ƙasa ce mai tarihi da albarka. Gulbin Gagare da na Bunsuru sun ratsa ta kafin su zuba a Rima, sun bar mata fadamu na shinkafa da albasa da rake, ga tudu na gero da dawa da gyaɗa da auduga. A nan Alibawa suka tashi da tutar jihadi a ƙarƙashin Namoda, wanda garin Kaura ke ɗauke da sunansa, kuma yana cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. Ita ce ƙasar da ta haifi makaɗi Narambaɗa. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta daɗe tana cikin manyan kasuwannin arewa maso yamma, inda fataken Maraɗi da na kudancin Nijeriya ke haɗuwa a kan shanu da raƙuma da hatsi. Ba a kan hamada muke magana ba, balle a ce talauci gadonta ne.

Sabuwar dabara ta farko da ta girgiza yankin ita ce jirgin ƙasa. Dogo ya isa Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru cinikin gyaɗa ya mai da birnin wata duniya dabam. Da Turawa suka ga ribar da ke ciki, sai suka ja wani reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya ƙare a Kaura Namoda a 1929. An yi niyyar a zarce da shi Sakkwato, amma ba a yi ba har yau, saboda haka Kaura ta zama ƙarshen dogo, wurin da amfanin gonar Zurmi da Shinkafi da Isa, har da na ƙetaren iyaka, ke taruwa a kan jakuna da raƙuma kafin a loda shi a tarago. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna, Yarabawa da Ibo suka zo aikin reluwe da ciniki, aka yi Sabon Gari, kuɗi suka shiga hannun mutanen da dā sai dai musaya. Duk wanda ya musanta cewa wannan ci gaba ne bai yi adalci ba.

Sai dai a tsaya a bakin sikeli a ga yadda cinikin ke gudana. Manomi ya kawo gyaɗarsa bayan kaka, a daidai lokacin da mai unguwa ke bin sa kuɗin haraji, wanda ba a karɓarsa sai da tsabar kuɗin Bature. Kafin ya kai ga akawun awo sai ya bi ta hannun ɗan baranda, wanda sau da yawa ya riga ya ba shi bashi tun da damina a kan amfanin da bai nuna ba. Akawu ya ɗora buhu, ya faɗi nauyi da lambobin da mai kaya bai iya karantawa ba, ya rage wani abu da sunan ƙasa da ɓawo, sa'an nan a biya shi a kan farashin da aka yanke a wani wuri da bai taɓa gani ba. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanke farashin, daga 1954 kuma Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, kuma hikimar da aka bayar ita ce a riƙe wani kaso a shekarar da kasuwar duniya ta yi kyau domin a tallafi manomi a shekarar da ta faɗi. Abin da ya auku shi ne rarar ta zama baitulmalin gwamnati. An yi ayyukan alheri da ita, ba shakka, domin da gumin manoman gyaɗa da auduga aka taimaka wajen kafa masaƙun Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma Nijeriya ta kai ga zama ta gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, har dalar gyaɗa ta Kano ta hau kan takardar kuɗi. To amma masaƙa a Kaduna take, jami'a a Zariya, dala a Kano; Kaura kuwa ta zama kamar indararo, ruwan sama duka ta kansa yake bi, amma randar da ke cika tana can ƙasa. Da fari ya zo a 1972 zuwa 1974, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma daga noma ɗungurungum, sai cinikin ya mutu, jirgin ya yi ta ja da baya har ya daina zuwa, aka bar tasha da ɗakunan ajiya ga ciyawa. Da an zuba wani yanki mai kauri na rarar nan a makarantu da rijiyoyi da asibitocin ƙauyukan da suka noma ta, da mutuwar ciniki ba ta tafi da komai da komai ba.

Darasi na biyu ya fi na farko ɗaci, ko da yake ya faru ne a yamma kaɗan, a ƙasar Maradun da Talata Mafara. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, an kawo ta ne da sunan noman zamani, a yi alkama da shinkafa rani da damina. An tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, diyya ta yi jinkiri ko ta ƙi zuwa, manoman fadamun da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da ke ciyar da gonakinsu tun kaka da kakanni, kuma da manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu, sai aka aiko musu da 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilu 1980, aka kashe mutane a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. A littafin lissafin arzikin ƙasa, kowane buhun siminti da aka zuba a Bakolori ƙari ne. Gonar da ruwa ya ci da ran da aka rasa ba su da gurbi a cikinsa.

Wayar salula al'amarinta dabam ne, kuma wajibi ne a faɗi alherinta da baki cike. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisi a watan Janairu 2001, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, layukan tarho na ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, kuma mutumin Zurmi da ke son magana da ɗansa a Legas sai dai ya ba direba wasiƙa. Cikin shekara ashirin layuka suka doshi miliyan ɗari biyu. Mai albasa a Shinkafi ya samu ikon jin farashin kasuwar Mile 12 ta Legas kafin ya ɗora kaya a mota. Ɗan ci-rani da ke tura baro a Fatakwal ko yake acaɓa a Abuja ya daina jiran mai zuwa gida kafin ya aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane. Bayan waya sai ga mai POS, saurayi da lema da teburi da 'yar na'ura a bakin tasha ko ƙofar kasuwa, wanda ya zame wa garuruwan da ba su taɓa ganin reshen banki ba banki sukutum. Wannan dabara ta shiga bukka, ba ta tsaya a fada ba, kuma ita ce mafi ƙarfin hujjar masu cewa ƙirƙira da kanta tana isar da alheri ga talaka.

A bisa wannan harsashi ne kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya suka tashi a Legas, duniya ta juyo tana kallo. A watan Oktoba 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan kuɗin da aka ce sun haura dala miliyan 200. A watan Maris 2021 aka kimanta Flutterwave a kan fiye da dala biliyan ɗaya. A watan Agusta na shekarar aka kimanta OPay a kan biliyan biyu. Ranar 25 ga Oktoba kuma Shugaba Buhari ya ƙaddamar da eNaira, Nijeriya ta zama ƙasar farko a Afirka da babban bankinta ya fitar da kuɗin intanet. Yanzu sai mai karatu ya ajiye waɗannan ranaku a hannun dama, ya ɗauki wasu a hannun hagu. Daga ranar 3 ga Satumba 2021, bisa roƙon gwamnatin jiha ta Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su kashe sabis a faɗin Zamfara domin sojoji su samu sararin fatattakar 'yan bindiga. An rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi, an hana safarar dabbobi, an hana sayar da mai a jarka. Gusau ta samu sabis bayan kimanin wata guda, amma sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ashe ranar da ake tafi a fadar shugaban ƙasa saboda kuɗin da ba a taɓa shi da hannu, mutumin Badarawa ba ya iya buga waya ya ce an kawo musu hari, mai POS ya naɗe lemarsa, kuɗin ɗan ci-rani sun maƙale a hanya, mai son ya ji lafiyar ɗan'uwansa sai ya hau mota ya fita jihar, ko in yana kusa da iyaka ya nemi layin Nijar. Mutane da yawa sun yi maraba da matakin da fari, domin wanda ake kashewa ba ya ƙin kowace dabara. Amma da aka buɗe layuka, 'yan bindigar na nan a dazukansu.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga canjin kuɗi. Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, ya janye tsofaffi alhali sababbi ba su wadata ba, da nufin a tura jama'a ga ciniki ba da tsaba ba, a kuma toshe hanyar kuɗin fansa. A Legas abin ya zama wahala. A kasuwar ƙauye ya zama musiba, domin mai akuya da mai tiyar gero ba su da asusun da za a tura musu, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa, har mutum ya riƙa sayen kuɗinsa da kuɗi a wurin mai POS. Ba banza ba Zamfara ta kasance cikin jihohi uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai ƙarar Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki.

Hukumar da ta ba mu albishir a 2014 ita ce kuma ta ba mu ɗaya mizanin, kuma ta cancanci yabo a kan haka. Bincikenta na 2018 zuwa 2019 ya sa iyakar talauci a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ya samu kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasa a ƙarƙashinta. A Legas ba su kai kashi 5 ba, a Zamfara kuwa sun kusa kashi 74. A watan Nuwamba 2022 ta fitar da wani awon da bai tsaya ga kuɗi ba, ya haɗa da abinci da lafiya da karatu da ruwan sha da makamashin girki da tsaro, ya nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin fatara ta fuskoki da yawa, kashi biyu cikin uku nasu kuwa a Arewa suke, Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91, Zamfara na da 78. Ƙasa ɗaya, hukuma ɗaya, tuta ɗaya, amma in aka ce matsakaicin arzikin ɗan Nijeriya, an haɗa mai ofis a Lekki ta Legas da mai gudun hijira a makarantar firamare ta Zurmi an raba biyu, an fitar da wani mutum da babu shi.

Akwai wani ma'auni da ya fi waɗannan duka ƙanƙanta, wanda ma'aikatan jinya ke ɗauke da shi a aljihu a asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekara da shekaru tana aiki tare da Ma'aikatar Lafiya. Wani ɗan siririn tef ne na roba mai launi uku. Uwa ta zaunar da yaro a cinyarta, ma'aikaciya ta saki hannunsa na hagu, ta zagaya tef ɗin a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta zura bakinsa a wata 'yar taga ta ja a hankali. In ya tsaya a kore, lafiya. In rawaya, tamowa ta fara. In kuwa ja ne, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, ran yaron na cikin haɗari. A watan Yuni 2024 aka auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 97,000 a ƙananan hukumomin nan biyu, aka samu kashi 27 cikin ɗari suna da tamowa, kashi 5 kuma mai tsanani. Fiye da yaro ɗaya ke nan cikin kowane huɗu, a ƙasar fadama, a jihar da take kiran kanta da taken noma abin alfahari. A wannan watan kuma hauhawar farashin abinci a ƙasa tana sama da kashi 40 cikin ɗari, wata huɗu kafin a sanar da cewa kamfanin Moniepoint ma ya shiga sahun kamfanonin biliyan.

Abin da ake ba yaron da tef ya nuna wa ja shi ma ƙirƙira ce, kuma yana da kyau a tsaya a kansa, domin yana nuna cewa ba ilimi ko dabara ne abokin gaba ba. Wani ɗan ƙunshi ne mai nauyin giram 92, a cikinsa akwai niƙaƙƙiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda likita André Briend da kamfanin Nutriset suka haɗa a Faransa a 1996 da sunan Plumpy'Nut. Hikimarsa ita ce ba ya bukatar ruwa ko wuta ko firji, uwa na iya ba ɗanta a gida, alhali dā sai an kwantar da yaro makonni ana dama masa madara. A yunwar Nijar ta 2005 aka tabbatar da amfaninsa a fili, lokacin da MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, galibinsu a jihar Maraɗi, maƙwabciyarmu. Yau ana yin irinsa a Kano da Legas. Wanda ya ƙirƙiro shi ya fara ne da tambayar me uwa matalauciya ke da shi da me ta rasa, sa'an nan ya gina dabararsa a kan amsar. Amma ina mai hankalin da zai ga jikokin mutanen da suka cika taragu da gyaɗa a Kaura Namoda suna layi ana ba su gyaɗa a ƙunshi da kuɗin masu agaji, bai ji kunya ta kama shi ba?

Dalilin tamowar ba ɓoyayye ba ne. Manomi ba ya iya zuwa gonarsa mai nisa. Inda ya je, sai garinsu ya tara kuɗi ya kai wa 'yan bindiga kafin shuka, ya sake tarawa kafin girbi, wani lokaci ma a tilasta wa matasa su yi wa ɓarayin noma a gonakin da suka ƙwace. Sunan ɗan bindiga Bello Turji ya zama abin da ake faɗa da ƙaramar murya daga Shinkafi zuwa Isa da Sabon Birni. Haraji da jangalin da aka fara sokewa a Kaduna da Kano a 1979, talakawa suka yi murna, sun dawo ta ƙofar daji, ba rasit, ba ranar ƙarewa. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun 2019, wato sun bar ƙasar da ke alfahari da girman arziki sun nemi mafaka a ƙasar da kullum take can ƙarshen jerin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, saboda a can ana kwana da ido biyu rufe. Wannan ƙaura ita kanta hukunci ce da talaka ya yanke tsakanin mizanin biyu, da ƙafarsa.

Malamanmu na farko ba su jahilci wannan mas'ala ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Umarun Dallaji na Katsina, ya lissafa cikin wajiban shugaba ya raya masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani, ya tabbatar kowane gari ya samu rabonsa daga cikinsu, ya gina garuruwa masu ganuwa, ya kula da kasuwanni da hanyoyi. Abin lura a nan shi ne bai raba bunƙasar sana'a da maslahar ra'iyya ba, kuma bai yarda a tara masu fasaha a birni ɗaya a bar ƙauyuka fayau ba. Tun kafin shi Ibn Haldun ya yi bayani a Muƙaddima cewa idan mutane suka tabbata abin da suka nema za a ƙwace, sai su janye hannu daga nema, kasuwa ta mutu, gari ya watse, daga ƙarshe baitulmalin sarki ma ya bushe. Malaman usulu kuma, irin su Gazali da Shaɗibi, da suka tsara manufofin shari'a, sun sa tsare rai a gaba da tsare dukiya, sun kuma bambanta larura da bukata da abin ƙawa, suka hana a gabatar da na ƙarshe a kan na farko. In aka bi wannan tartibi, filin jirgin sama da kuɗin intanet suna da matsayinsu, amma a bayan hanyar da mai naƙuda za ta bi daga Kware zuwa Shinkafi ba a tare ta ba.

Turawan da suka ƙirƙiro lissafin arzikin ƙasa ma ba su ce shi ne komai ba. Simon Kuznets, wanda ya tsara shi ga majalisar Amurka a 1934, ya yi gargaɗi a cikin rahoton kansa cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga jimillar kuɗin shigarta. A 1990 Mahbub ul Haq na Pakistan, da taimakon Amartya Sen na Indiya, ya fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam, wanda ya haɗa tsawon rai da ilimi da abin hannu. Duk da haka, masu cewa sai an samu kafin a raba suna da gaskiyarsu, domin babu ƙasar da ta fitar da jama'arta daga fatara ba tare da dukiyarta ta ƙaru ba, kuma saurayin da ya zauna a Yaba ta Legas ya rubuta manhajar da mai POS na Kaura ke ci da ita bai zalunci kowa ba. Inda na saɓa da su shi ne zaton cewa gangarowar tana faruwa da kanta. Sin da Koriya ta Kudu, waɗanda ake yawan kafa hujja da su, sun riga sun raba gonaki, sun sa yaran ƙauye a makaranta, sun kai allurar rigakafi ko'ina, kafin masana'antunsu su girgiza duniya. A wurinmu an juya tartibin: dabara na zuwa ta iske mutumin da bai yi karatu ba, ba shi da lafiya, ba shi da aminci, sai ta amfane shi gwargwadon ɗan abin da zai iya kamawa, ragowar ribar ta wuce inda aka shirya karɓarta.

Gwaji na yanzu yana gabanmu. Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haye 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma mutumin da ke biyan kuɗin mota daga Zurmi zuwa Gusau ya biya rabonsa na wannan gyara tun ranar farko. Alkawarin da aka yi masa shi ne kuɗin da aka tsimi za su dawo ta hannun jihohi da ƙananan hukumomi, kuma lalle kason da ake rabawa kowane wata a Abuja ya ƙaru ƙwarai. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta hukunta cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba, ko da yake zartar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Ana buga abin da Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ke samu wata-wata, kuma duk ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura, wadda aka kafa tun 1983, yana iya buɗe wayarsa ya gani. Abin da ba a bugawa a gefensa shi ne yawan asibitocin mazaɓu da ke da ungozoma da dare, da makarantun da aka rufe saboda hari, da garuruwan da suka biya kuɗin girbi a kakar bana, alhali hakimai da dagatai da limamai sun san waɗannan da sunayensu, gari gari.